Mutunci da Ladabin Zance



Ranar da sakataren ƙungiya ya kawo mini takarda cewa ni aka zaɓa in yi jawabi a kan ladabin zance, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, domin duk wanda ya san ni a zauren muhawara ya san ba da ladabi na yi suna ba. Na so in ba da uzuri, sai kuma na tuna akwai wani bashi da ke kaina tun bara, wanda a gaban jama'a na ci shi, ban kuwa taɓa biyansa a gaban jama'a ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da shi zan fara.

Waɗansunku suna nan a daren da aka yi muhawara a kan koyar da yaran firamare da harshen uwa. Ni ne na tsaya a kan cewa a ɗauki Hausa a yi karatu da ita a duk faɗin Arewa. Abokin karawata wani ɗalibi ne daga tsaunukan Filato. Ba zan ambaci sunansa ba, ko da yake ya ba ni izinin in ba da labarin. Da ya miƙe sai ya yi tambaya guda: harshen uwar wa? Ya ce a ƙauyensu yara sun fara jin kunyar amsa wa kakanninsu da yarensu. Hausa ta shiga kasuwa, ta shiga coci, ta shiga har madafa, in kuma aka ba ta aji to shi ke nan, nan da 'yan shekaru ba sauran mai yi wa jariri waƙar reno da harshen kakanninsa. Magana ce mai nauyi, ni kuwa ba ni da amsarta. Amma a cikin bayaninsa, da yake ba a nono ya sha Hausa ba, sai ya ce, "Uwata ya gaya mini." Ban bari ya kai aya ba. Na yi zumbur na miƙe na ce, jama'a ku ji, wanda bai iya raba uwarsa da ubansa a magana ba, wai shi ne zai koya mana harshen uwa! Zaure ya ɓarke da dariya, har da masu buga tebur. Yana da sauran minti 3, amma sai ya naɗe takardarsa ya zauna. Alƙalai suka ba ni nasara.

Na kwana ina jin daɗi. Sai bayan kwanaki, muna layin abinci, na ji shi yana gaisawa da mai zuba mana miya da Turanci, mutumin da a da kullum da Hausa yake gaida kowa. Na tambaya, aka ce mini tun daren nan bai ƙara furta kalmar Hausa ba a cikin makaranta. Watau ni da na tashi don in kare Hausa, na kore mata mutum guda da ya koye ta don zaman tare da mu.

Abin da na yi masa yana da suna a harshenmu, kowa ya sani: cin mutunci. Ina so mu ɗan tsaya a kan wannan kalma, don yawan faɗinta ya sa mun daina jin nauyinta. Daga mutum aka ciro mutunci, kamar yadda aka ciro zumunci daga zumu. Idan muka ce an mutunta wani, ma'anar ita ce an ɗauke shi a matsayin mutum. Ba a ƙara masa kome ba, an dai bar masa abin da ya zo duniya da shi. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa sa'an nan ya koyar a Zariya, ya yi wata lacca mai suna Mutumin Kirki da aka buga a 1974, inda ya tattara halaye 10 da Hausawa ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Da na zauna na duba su, sai na ga kusan babu wanda mutum zai iya yi shi kaɗai a ƙuryar ɗaki. Lalle sai da wani a gabanka, kuma mafi yawa da harshe ake yin su ko a ɓata su.

Kuskurenmu, mu 'yan boko, shi ne mun ɗauki mutunci kamar digiri, ana ba wanda ya ci jarrabawa, ana hana wanda ya faɗi, mu ne kuma masu gyaran takardu. Wanda ya yarda da ra'ayinmu ya ci. Wanda ya iya Turanci, ko ya iya Hausarmu, ko muke salla a sahu ɗaya da shi, ya ci. Saura kuwa sai abin da muka ga dama. Littattafan da muke tinƙaho da su ba haka suka koyar ba. A Suratul Isra'i, aya ta 70, Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana cewa Ya karrama 'ya'yan Adamu, bai kuwa keɓe wata ƙabila ko wani jinsi ba. 'Yan'uwanmu Kirista suna karantawa a farkon Littafin Farawa cewa cikin kamanninsa Allah Ya halicci mutum, a Wasiƙar Yaƙubu kuma, sura ta 3, an yi tir da harshen da zai yabi Ubangiji sa'an nan ya juya ya zagi mutanen da Ubangijin Ya halitta. Ya zo a hadisi ingantacce cewa an wuce da gawar wani Bayahude ta gaban Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye. Da aka gaya masa ko gawar wace ce, sai ya tuna musu cewa ai shi ma rai ne. A Suratu Ɗaha kuma, aya ta 44, an umarci Annabi Musa da Annabi Haruna su yi wa Fir'auna magana mai taushi. Fir'auna fa, wanda ya ce shi ne ubangiji! Abokin muhawarata bai yi kusa da Fir'auna ba, ni ma ban kama ƙafar Annabi Musa ba.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Utbatu ɗan Rabi'a, ɗaya daga cikin manyan Ƙuraishawa. Malaman sira sun ruwaito cewa ya zo wurin Annabi a Makka da tayi iri iri: in dukiya kake so mu tara maka, in shugabanci ne mu shugabantar da kai, in sarauta ce mu naɗa ka, in kuma aljani ne ya taɓa ka mu nemo maka magani. Ku dubi wannan tayi da kyau, zagi ne aka naɗe cikin ladabi, domin ma'anarsa ko dai kai mai kwaɗayi ne ko kuwa mai taɓin hankali. Duk da haka ba a katse shi ba. Sai da ya kai ƙarshe, sa'an nan Annabi ya kira shi da alkunyarsa ta girmamawa, Abul Walidi, ya tambaye shi ko ya gama. Da ya amsa cewa ya gama, sai aka nemi shi ma ya saurara, aka karanta masa farkon Suratu Fussilat. Utbatu ya koma wurin mutanensa fuskarsa ta canja, ya ba su shawara su ƙyale mutumin nan. Bai musulunta ba. A Yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, yana cikin rundunar Ƙuraishawa aka kashe shi. Ashe sauraron da aka yi masa ba ladan shiriya ba ne, hakkinsa ne na ɗan Adam, an kuwa ba shi tun ba a ga inda zai ƙare ba.

Kada wani ya ce ai wannan zancen ɗakin muhawara ne kawai, dariya ce aka yi ta wuce. Magana zarar bunu ce. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, ɗalibai Kirista sun shirya taron wa'azi. Mai wa'azin, wanda a da Musulmi ne, ya taɓo ayoyin Alƙur'ani ta hanyar da ɗalibai Musulmi suka ga ɓatanci ce. Aka yi cacar baki, aka ba hammata iska, rigima ta tsallaka cikin gari. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna. Aka ƙona coci-coci da masallatai, aka yi asarar rayuka. Na sani akwai tsofaffin miki a ƙasa, na ƙasar noma da sarauta da siyasa, ba magana ɗaya ce ta haifar da su ba. Amma ashanar a hannun ɗalibai take, irinmu, masu littafi a hammata. Waɗanda suka rasa shagunansu da 'ya'yansu, mafi yawansu ba su taɓa shiga ƙofar kwalejin ba.

Yanzu bari in kai mu baya, wajen shekara 200 da 'yan kai, don mu ga yadda kakanninmu suka yi gardama alhali takobi na zare. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Ngazargamu, babban birnin Barno. Mai na Barno ya nemi taimakon wani malami, Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi, wanda ya taimaka aka kore su. Shi wannan malami bai tsaya ga fagen fama ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa shugabannin jihadi yana tambaya: da wace hujja kuke yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka? Ya yarda akwai ɓarna a Barno, akwai cin hanci, akwai al'adun da suka saɓa wa shari'a, amma ya ce saɓo daban kafirci daban, irin wannan saɓo kuwa akwai shi har a Masar da Sham, ba wanda ya kafirta su. Ya kuma nuna cewa ya karanta littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana ƙaunarsa matuƙar ya dace da gaskiya, in sun rabu kuwa gaskiya ce gaba. Muhammadu Bello ya mayar da amsa, yana kawo nasa hujjoji cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi, kuma waɗansu ayyukan sun wuce saɓo. Wasiƙu suka yi ta kai da komowa, waɗansu da zafi ƙwarai.

Ba na tsaya nan don in yanke hukunci tsakanin waɗannan manya biyu ba, wane ni. Abin da nake so ku lura shi ne inda muka sami hujjojin al-Kanemi. A cikin Infaƙul Maisuri muka same su, littafin da Muhammadu Bello ya rubuta a 1812. Watau mutum ya ɗauki maganar abokin gabansa, wadda ke sukar tushen abin da ya sadaukar da ransa a kai, ya kwafe ta cikin littafinsa, sa'an nan ya amsa. Da ya ga dama da ya ƙone takardun, ko ya taƙaita su yadda za su zama abin dariya. Wa ke cikinmu da zai iya maimaita hujjar abokin gardamarsa daidai, har shi mai hujjar ya ce, na'am, abin da nake nufi ke nan? Ni dai a daren nan ban iya ba. Gaskiya ce wasiƙun ba su kashe yaƙi ba, don a 1827 sai da Yakubun Bauchi ya tare rundunar al-Kanemi da ta nufo ƙasar Kano. Amma daulolin biyu sun zauna maƙwabta har zuwan Turawa, yau kuwa Bafillace da Babarbare abokan wasa ne, in sun haɗu sai barkwanci, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa.

Na san abin da waɗansu ke faɗi a zuci, don ni ma na sha faɗinsa: ai wannan lallashi ne, in ka saurari mai ɓata ka ba shi fuska, ƙarshenta sai a wayi gari kowa ya narkar da aƙidarsa don a zauna lafiya. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin akwai irin taron da ake yi a manyan otal, a sha lemo, a ɗauki hoto, kowa ya ce duk abu ɗaya ne, alhali kowa ya san ba ɗaya ba ne. Ba shi nake kira a yi ba. Ku dubi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin Zangon Kataf na 1992, da ya bazu har cikin Kaduna, kowannensu yana jagorancin matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani abokinsu ya haɗa su ya ce su yi magana. Ba a rana ɗaya zuciya ta kwanta ba. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa an yi shekaru suna tafiya tare yana riƙe da mugun nufi a ransa. Daga abubuwan da suka sassauta shi har da zuwan da Ashafa ya yi duba mahaifiyarsa a asibiti. Suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai, suka taimaka aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, suka shiga tsakani a Yelwan Shandam bayan kashe-kashen 2004. A duk wannan aiki liman bai bar limancinsa ba, fasto bai bar cocinsa ba, kowannensu yana ganin ɗan'uwansa bai dace ba a kan babbar magana, suna kuwa faɗa wa juna haka ido da ido.

Zan juya ga yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunsu gobe, don a ofis ne aka fi cin mutunci ba tare da an zagi kowa ba. Lokacin hutu na raka wani kawuna, tsohon malamin firamare, wani ofis a kan maganar fanshonsa. Ya yi sallama a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya shiga. Saurayin da ke kan kujera, wanda bai girme ni ba, idonsa na kan wayarsa, ya amsa da kalma ɗaya ta Turanci. Kawu ya fara bayani tun daga shekarar da ya kama aiki, kamar yadda tsofaffi ke yi. Bai kai rabi ba aka ce fayil ba ya nan, a dawo mako mai zuwa. A hanya na yi ta faɗa a kan ɓatan fayil da kuɗin motar da muka kashe. Kawu ya yi shiru, can sai ya ce, "Fayil yakan ɓata, ɗana. Amma yaron nan bai amsa sallamata ba."

Mukan yi wa gaisuwar Hausa ba'a, mu ce ɓata lokaci ce: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, ina labari. Amma ku duba hikimar da ke ciki. Kafin a taɓo buƙata, sai an tabbatar wa mutum cewa an gan shi, da jikinsa da gidansa da wahalarsa. Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Akawu ba shi da ikon fito da fayil ɗin da ya ɓata, wataƙila ba shi da ikon biyan ko kwabo, amma yana da ikon ɗaga kai, da nuna kujera, da barin tsoho ya ƙarasa zancensa. Haka nan masinja, da mai shara, da mai gadi da muke wucewa ta gabansa safe da yamma shekara huɗu ba mu san sunansa ba. Muna rubuta ƙasidu a kan 'yancin talaka, muna ɗaga kwalaye dominsa, amma in ya buɗe baki a gabanmu sai mu ƙarasa masa maganarsa don mun ƙosa.

Shi kuwa abokin karawata, sai da na yi wata biyu ina kewaya ɗakinsu kafin na iya ƙwanƙwasawa. Na ba shi haƙuri, ya amsa da Turanci cewa ya wuce. Na ce ban zo don haƙuri kaɗai ba, akwai minti 3 nasa a wurina, ina so ya ƙarasa abin da ya fara. Ya dube ni ya ga da gaske nake, sai ya aje littafinsa. Minti 3 suka zama sa'a biyu. Ya ba ni labarin kakarsa da ke da sunaye daban daban ga irin acca da suke nomawa a kan dutse, sunayen da shi kansa bai riƙe rabinsu ba, ƙannensa kuwa ko ɗaya. Sau uku harshena ya yi ƙaiƙayi in katse shi, na danne. Da ya yi shiru na tambaye shi ko ya gama, ya ce ya gama, sa'an nan na kawo tawa. Har yau ba mu daidaita ba. Ni ina nan a kan cewa yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa zalunci ne a fara masa karatu da Turanci. Shi kuma yana nan a kan cewa abin da nake kuka Turanci ya yi wa Hausa, shi Hausa ke yi wa yarensu, wannan kuwa ban sami amsarta ba tukuna. Da zan fita ya rako ni bakin ƙofa, ya ce mini, "Sai da safe," da Hausa.

Malam Shugaba, na ga hannuwa sun fara tashi tun ina maganar Barno. Ina roƙon a fara ba waɗanda ba su yarda da ni ba, kuma a taimake ni, in aka ga na yunƙura kafin mai magana ya kai aya, a ja mini riga.